Littafin karatun Turanci a gidan da ake Hausa

Maman Hafsa, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ɗiyata tana aji biyu na firamare, kuma duk Juma'a ana ba su littafin karatu na Turanci su zo da shi gida. Hausa nake yi da ita, mahaifinta kuwa yakan yi mata Turanci idan ya dawo daga aiki. Abin da ya dame ni shi ne tana karanta shafi guda ba tare da gargada ba, amma idan na tambaye ta abin da ya faru a labarin sai ta yi shiru. Malamarsu ta ce mu daina sa mata Hausa a lokacin karatu don kada ta ruɗe. Shin in bi maganar malama, ko in riƙa yi mata bayani da Hausa?

Tsohon malamin firamare, Samaru:
Wa alaikumus salam, Maman Hafsa. Abin da kika bayyana hadda ce, fahimta ba ta shiga ba tukuna. Kafin ta fara karantawa, ku duba hotunan tare, ku tattauna da Hausa a kan waye wannan da abin da yake yi, sannan ta karanta Turancin, daga baya ta ba ki labarin da duk harshen da ya zo bakinta. Sai dai kada ki riƙa fassara mata jimla bayan jimla, domin yaron da ya saba da haka yakan daina sauraron Turancin, ya zauna jiran fassara. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ma ta tanadi a fara koyar da yaro da harshensa a azuzuwan farko na firamare.

Baban Abba, Sabon Gari:
Ina tare da Malam, amma maganar malamar ba ta rasa tushe ba. Yarona ya daɗe yana karanta harafin c na Turanci kamar yadda yake a “ciki”, har sai da muka raba lokutan: littafin makaranta bayan magariba, na Hausa kuwa ranar Asabar. Ki nemi ƙananan littattafan Hausa na kamfanin buga littattafai na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) da ke nan Zariya, domin rubutun boko na Hausa yana tafiya da furuci, yaro yana saurin kama shi. Kuma kada a ɗora mata karatu da zarar ta dawo daga Islamiyya a gajiye.

Maman Hafsa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Malam, idan mahaifinta ya ɗauki karatun Turancin ni kuma na ɗauki tattaunawar Hausa, ya kamata mu yi su a zama ɗaya ne, ko a raba?