Rubutun Sinanci: dole ne a bi jerin zane?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum. Ina koyon Sinanci a nan Damagaram, da niyyar neman aikin tafinta wajen 'yan Sin masu aikin man fetur. Magana tana tafiya, rubutu ne ya tsaya mini. Ina kallon harafi in kwafe shi yadda hannuna ya so, kuma a ido yana fitowa daidai. To me zai sa in wahalar da kaina da wane zane ne na farko, wane ne na biyu? Kuma a wane irin kaye ake gwaji?

Malamin Harshe:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Yana fitowa daidai ne saboda a hankali kake rubutu. Ranar da ka fara sauri, zane zai riƙa haɗewa da na bayansa, kuma ta wannan haɗewar Basine yake gane rubutun hannu. In jerinka ya saɓa, haɗin zai faɗa inda bai saba gani ba, sai harafin ya rikice masa.

Ƙa'idojin ba su da yawa. Na kwance kafin na tsaye, kamar 十. Sama kafin ƙasa, 三. Hagu kafin dama, 川. Mai gangarawa hagu kafin mai gangarawa dama, 人. A 小 kuwa na tsakiya ake fara ja, sannan na gefe biyu. Wadda aka fi karyawa ita ce ta akwati: a 国 za ka ja bangon hagu, ka ja sama da dama a zane guda ba ɗaga hannu, ka rubuta 玉 a ciki, sai a ƙarshe ka rufe ƙasa. Baƙo ya shiga tukuna kafin a ja ƙyaure. Mai rufewa tun farko yakan tarar wuri ya yi masa kaɗan, ya matse na ciki.

Wannan kwanar ta sama da dama zane ɗaya ce, shi ya sa 口 zane uku ne, ba huɗu ba, 日 huɗu, 国 takwas. In ka ɓata ƙidaya, neman harafi a ƙamus ta yawan zane ya gagare ka.

Hajiya Mai Alli:
Malam ya faɗi jeri, ni alkibla zan ƙara, musamman ga wanda hannunsa ya saba da ajami. Na kwance kullum daga hagu zuwa dama ake jansa. Dubi 千, wato dubu, da 干. Zanen farko na 千 daga dama yake gangarowa hagu, na 干 kuwa miƙaƙƙe ne daga hagu. A takardar kuɗi wannan ba abin wasa ba ne.

Kuma, ɗana, kada ka ɗauka ƙa'idojin nan sun rufe komai. A 进 da 这 ɓangaren hagu, 辶, shi ne na ƙarshe. A 女 na kwance ne na ƙarshe. A 火 ɗigo biyun ake farawa da su. Irin waɗannan haddacewa ake yi, amma ɓangare-ɓangare: in ka iya 女 da 子, ka iya 好.

Batun kaye, ba sai ka nemi na Sin ba. Sayi mai ƙananan karo na milimita 5, ka ware karo huɗu tsaye huɗu kwance, ka samu akwatin santimita 2. Raba shi da layi mara kauri a tsakiya, tsaye da kwance. Kireyo ya fi bik, don bik yana zamewa, ƙugiyar ƙarshen zane ba ta fita sosai.

Mai Gyaran Salula:
Cika shafi da harafi ɗaya ɓata kaye ne, bayan layin farko hannu ne kawai ke tafiya. Rubuta sau biyar kana kallo, rufe, rubuta da ka, ka sake gwadawa gobe da bayan mako. Ka riƙa ƙidaya zanen da baki, yi, er, san, wato ɗaya, biyu, uku da Sinanci.

Sai ka kula da inda kake ɗauko misali. Harafin 右 a Sin da na kwance ake farawa, a Japan da mai gangarawa hagu. Tunda da mutanen babban yankin Sin za ka yi aiki, bi sauƙaƙan haruffa da jerin da hukumarsu ta tsayar. Manhajar Pleco tana nuna zane ɗaya bayan ɗaya, amma duba da kyau, wani sashen na biya ne.

Ɗan Birni:
Na gode ƙwarai. Hajiya, shi 辶 ɗin zane nawa ne?

Hajiya Mai Alli:
Uku. Ɗigo, sai mai lanƙwasa, sai dogon da ke shimfiɗe a ƙasa yana ɗauke da sauran harafin.