Abin da muka tsinta a zaman shirin wasanninmu na bana

Bayan la'asar muka zauna da dattawan wasan daɓe a wani tsakar gida a Fagge, kan wasanni huɗun da ƙungiyarmu za ta gabatar, biyu daga ciki masu waƙa.

An fi daɗewa a kan lokaci. Kowa ya yarda a kauce wa watan Agusta, don ruwan Kano ba ya sallama, kuma filinmu babu rumfa. Bara ma hadari ya tarwatsa mana 'yan kallo ana tsakiyar fitowa ta biyu, labulenmu ya jiƙe sharkaf. Wani dattijo ya ce, "Ku bari sai hunturu, yarana, amma ku tashi kafin ƙarfe goma, don mata su samu adaidaita sahu." A azumi kuwa a bar wa 'yan tashe fagensu.

Kan wasanni masu waƙa aka yi ja-in-ja. Matasa na son kiɗan fiyano na situdiyo, dattawa suka dage a ɗauko mai kalangu da mai gurmi, tunda ko an ɗauke wuta wasa ba zai tsaya ba. Ni dai ina bayan dattawa.

Sauran a taƙaice: a kai rubutun wasa Hukumar Tace Finafinai da wuri, a gaida mai unguwa, a ware wa mata wurin zama. Kuɗin janareto kuma har muka tashi ba a samu wanda ya ɗauka ba.