"Ilimi gishirin zaman duniya": wane ilimin ake nufi?

Bakatsine: Liman ya kawo wannan karin maganar a huɗubar Juma'a. Muna fitowa gardama ta kaure, wani dattijo ya ce ɗansa shekara huɗu da digiri, ko aikin masinja bai samu ba, gishirin me? Jama'a, ku warware mana.

Mai Wayarin: Gishiri ba ya cika ciki sai da tuwo, tuwon kuwa sana'a ce. Amma yaron da ya koyi wayarin da ido kawai zai ja siririyar waya mai lamba 1.5 zuwa soket, alhali mai kauri, lamba 2.5, ake sawa, 1.5 ta ƙwan fitila ce. A jona hita da dutsen guga, waya ta ɗau zafi, roba ta narke, sai gobara. Lissafin lodi, wato yawan wutar da waya za ta iya ɗauka, shi ne gishirin.

Malamar Firamare: To wanda ya iya lissafin, ya karɓi kuɗin 2.5 ya sayo 1.5 fa? Ai ya yi karatu. Amana ce ba ta shige shi ba. Zaman duniya aka ce, ba neman abinci ba.

Tsohon Hedimasta: Tsarin karatu na 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a) da aka fara a 1982 karatu da sana'a duka biyun ya nufa: shekara uku a ƙaramar sakandare yaro ya taɓa kafinta, ƙira da lantarki. Aka kawo injuna, ba wuta, ba malamin da ya iya su, da yawa suka yi tsatsa cikin akwati.

'Yar Zazzau: Baba, kakarmu, Allah ya jiƙanta, daddawa take yi. Kalwa ta kwana a wuta, a surfe, a wanke, a sake dafawa da 'yar kanwa, a rufe da ganye kwana uku. Yarinyar da ta buɗe kafin lokaci, ta ɓata tukunya. Amma ba ta barin kowa ya taɓa kalwa sai ya iya auna mudu ba tauyewa, ya iya gaishe da mai saye.

Bakatsine: Amin. Tokar murhu take sawa wajen surfen ko yashi?

'Yar Zazzau: Toka.

Ɗan Kasuwar Kurmi: Masu raba mana baro da keken ɗinki gab da zaɓe, nasu 'ya'yan suna Ingila suna karatun lauya. Mu tuwo ba miya, su miya har da man shanu!

Mai Wayarin: Malama, ban yarda ba tukuna. Aji nawa ake koyar da amana?