Yaya ƙwararru ke zaɓen 'yan wasa biyar a sinuka, kuma me za mu ɗauka daga gare su?

Mai Tebur, ƙasar Taura:

Assalamu alaikum. Ina da teburan sinuka biyu a bakin kasuwa, kuma samarin wani gari a ƙasar Ringim sun nemi mu kara da su ranar yawon Sallah, mutum biyar-biyar. Masu iya sanda a wajena sun kai goma, kowa na ganin shi ya cancanta. Na ga gasar Turai da Amurka a waya, inda kowane ɓangare ke kawo biyar. Ta yaya suke fitar da biyar ɗin, kuma wane shiri suke yi? Saura mako bakwai.

Malamin Wasanni, Kazaure:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka gani Kofin Mosconi ne. Kamfanin Matchroom na Ingila ya fara shi a 1994, aka sa masa sunan Willie Mosconi, gwanin Amurka da ya rasu a 1993. Wasan ƙwallo tara masu lamba ake yi a kan tebur mai tsawon ƙafa tara. Duk karawa maki ɗaya ce, wanda ya riga cin zubi 5 (zubi shi ne jera ƙwallaye sau ɗaya a buga har wani ya ci) shi ya ɗauke ta, ƙungiyar da ta fara tara maki 11 ta ɗauki kofi. Akwai karawar ɗaiɗai, akwai ta bibbiyu, akwai kuma ta gayya wadda duka biyar ke shiga bi da bi.

Tsarin zaɓe yana sauyawa daga shekara zuwa shekara, amma wanda aka fi bi a baya-bayan nan shi ne uku su shiga da makin da suka tara a gasannin shekara, biyu kuma a bar wa kyaftin. Jadawalin maki yana rufe bakin masu cewa an yi son kai. Zaɓin kyaftin kuwa yana cike giɓin da jadawali ba ya gani, domin maki ba ya nuna wanda hannunsa ke rawa idan 'yan kallo suka fara ihu.

Ka kwaikwayi wannan. Mutum goma, kowa ya kara da kowa sau ɗaya, karawa 45 ke nan. Da tebur biyu, jimillar karawa uku a rana, ka gama cikin kwana 15. Ka tanadi littafi, wanda ba ya cikin masu neman gurbi ya riƙe shi. Ban da wanda ya ci, a rubuta sau nawa fara, wato farar ƙwallon da ake bugawa da sanda, ta faɗa rami, sau nawa mutum ya yi laifi, da wanda yake gaba da zubi biyu sannan ya bari aka kamo shi. Ukun farko sun shiga. Biyun ƙarshe ka ɗauko su daga abin da littafin ya nuna. Kuma ka faɗi wannan ƙa'ida a gaban kowa tun kafin a buga ƙwallon farko, in ba haka ba, rigimar da za ta biyo baya ta fi gasar zafi.

Yaya Babba, Dambatta:

Malam ya yi bayani, sai dai ni ban yarda a ɗauki jadawali da nauyi haka ba, musamman a gajeren wasa. Ku yi lissafi: ɗan wasan da ke cin zubi 6 cikin kowane 10 a kan abokinsa, idan aka ce wanda ya riga kai 5, damarsa wajen 73 cikin 100 ce. Wato fiye da sau ɗaya cikin huɗu za a doke shi duk da ya fi iyawa. Karawa ɗaya tsakanin mutum biyu ba ta isa shaida ba. In da hali, ƙanena, a zagaya sau biyu.

Sannan a duba abin da ya faru da Amurka. Turai ta ci shekara takwas a jere, daga 2010 zuwa 2017, har da 11 da 2 a 2013, alhali Amurka na da gwanaye irin su Shane Van Boening. Sai suka ɗauko Johan Ruijsink, mutumin Holan da ya taɓa jagorantar Turai. Shekararsa ta farko, 2017, ya sha kashi. Bai sake ba, ya tara su atisaye tare tun kafin gasa, ya shigo da matashi Tyler Styer wanda bai taɓa buga kofin ba. Suka ci 11 da 9 a Landan a 2018, suka sake ci 11 da 8 a Las Vegas a 2019, kuma duka biyun Skyler Woodward aka ba gwarzon gasa. A ganina, abin da ya sauya shi ne zaman tare.

Inda ƙungiya ke mutuwa shi ne bibbiyu. Ana karɓa-karɓa ne, kai ka buga ɗaya, abokinka ya buga na gaba, don haka duk inda ka ajiye fara, shi ka ajiye wa. Gwanin da ya saba zura ƙwallo daga nesa yakan bar wa abokinsa bugu mai wuya, saboda a wurinsa ba wuya ba ne. Abokin ya ɓarar, a fara hararar juna, wasa ya tafi. Ka haɗa mai zura ƙwallo da mai iya ajiye fara, kar ka haɗa masu zafin kai biyu. In akwai bahago, ka ba shi abokin da zai tuna cewa gefen da ya fi masa sauƙin miƙewa daban ne. Ku tsayar da wa zai yi da wa mako uku kafin Sallah, kar a sake taɓawa, kuma kowane yamma su buga aƙalla zubi 10 tare. Shawara a bakin tebur ta zama kalma biyu ko uku, mai sanda a hannu shi ke yanke hukunci.

Kafinta, Gumel:

Ni tebur zan yi wa magana, don nan ake cutar baƙi ba tare da an yi niyya ba. Na ƙwararru dutse ne a ƙarƙashin kyallen, filinsa santimita 254 da 127, ƙwallo kuma milimita 57. Namu yawanci katako ne, yana lanƙwasa da damina. Ka aro lebur, wato ma'aunin daidaito, a wajen magini, ka auna tsawo da faɗi da kusurwa zuwa kusurwa, ka cusa siririn falanki a ƙarƙashin ƙafar da ta yi ƙasa. Sannan ka gangara ƙwallo a hankali daga wannan bango zuwa wancan. In ta karkata a ƙarshen tafiyarta, da saura. Ƙurar hunturu tana hawa ƙwallo ta sa su manne wa juna lokacin haɗuwa, sai bugun yanka, wato taɓa ƙwallo ta gefe, ya kauce. A goge su da tsumma mai laushi bayan kowace karawa, a share kyalle da buroshi ta fuska ɗaya, a rufe tebur da dare. In a garinsu za a buga, ku roƙi yamma biyu a kan teburinsu. Faɗin bakin rami da ƙarfin robar bango ba sa zama ɗaya ko a hannun kafinta ɗaya.

Malamin Wasanni, Kazaure:

Na karɓi gyaran Yaya kan zagaye biyu, in lokaci ya isa. Abu biyu suka rage. A Mosconi daƙiƙa 30 ake ba mutum ya buga, da damar neman ƙari sau ɗaya a zubi. Ku sa agogon waya a atisaye, wani ya riƙa sanarwa idan saura 10, sauran samari su tsaya a kai suna surutu da gangan. Wanda bai saba ba, ranar ne zai fara gaggawa.

Na biyu, fasawa, wato bugun farko da ke watsa ƙwallayen da aka jera. A can bi da bi ake fasawa, ba wanda ya ci ke ci gaba ba, saboda haka kowa dole ya iya. Kowane ɗan wasa ya fasa sau 20 a rana, burinsa fara ta tsaya a tsakiyar tebur, ƙarfi ya biyo baya. A matse ƙwallayen sosai wajen jerawa, ɗan giɓi kaɗan yana shanye bugun. In kuwa ƙwallo tara za ku yi, sai kun samo masu lamba, kuma ku zauna da baƙin ku amince: mafi ƙanƙantar lamba ake fara taɓawa, bayan taɓawa dole wata ta faɗa rami ko ta taɓa bango, in ba haka ba abokin karawa ya ɗauki fara ya ajiye inda ya so, laifi uku a jere kuma zubi ya tafi. Maki 11 ya yi muku yawa a yini ɗaya. Ku yi maki 7, kowace karawa zubi 3, ku fara da hantsi, ku tsaya sallar Azahar da La'asar, a gama kafin Magariba tun da sauran haske.