Masu tsaron shago, ina za ku yi Sallar bana?

Ɗan Magarya:
Salamu alaikum 'yan uwa. Shekarata huɗu ina tsaron shagon takalma da kayan yara a kasuwar Dole ta Damagaram, kuma sau ɗaya tak na yi idi a gida. Da azumi ya shiga goman ƙarshe, ƙarfe takwas na safe muke buɗewa, mu ɗan janyo ƙofa a sha ruwa, bayan asham a koma har ɗaya ko biyu na dare. Jajibiri kuwa ba a magana. Bara ƙarfe biyu da rabi ina durƙushe ina gwada wa wani yaro takalmi, shi yana gyangyaɗi a kafaɗar ubansa, ni ina gyangyaɗi a kan ƙafarsa. Na kwanta da niyyar sammako tasha, ban farka ba sai da na ji tambura daga Birni, Sarki ya sauko daga idi. Bana Inna ta kira tun watan Sha'aban, ta ce: "In ba ka zuwa, faɗa mini, kar in ajiye maka tuwo ya kwana." Ku ya kuke yi da iyayen gidanku?

Uwargida daga Garin Malam:
Ƙanena, kai ƙaramar Salla ce ta dame ka, mu babba ce. Maigidana a kantin kayan abinci yake. Ranar layya yana dawowa daga idi zai yanka, ya wanke hannu, ya hau babur, don a ranar kowa ke tuna bai sayi mai ba, bai sayi magi ba, lemo ya ƙare. To wa zai feɗe? Wa zai tsire ragon a sanduna, ya kafa a bakin wuta, ya wuni yana juya shi yana gyara itace? Ƙanena na jini nake roƙo, shi ma da nasa ragon. Kashegari ranar rabon nama yara ke kai wa dangi su kaɗai, har surukata ta fara cewa ɗanta ya yi kuɗi ya daina zumunci. Kuɗin da ba mu gani ba.

Mai shago a Zango:
Ku yi haƙuri in faɗi namu. Kayan nan daga Kano muke ɗauko su ta iyakar Ɗan Barto, rabinsu bashi. Ga haya, ga haraji, ga kuɗin wuta. Cinikin kwana goman nan shi ke riƙe shago har a fita damina, lokacin da za ka wuni ba wanda ya ce maka nawa. In na rufe da tara, na kusa da ni bai rufe ba, mai saye can zai tafi. Kasuwa a kai miki dole. Ni ma ba a gida nake kwana da wuri ba, kuma yarana ba wanda ya taɓa Salla ba sabon ɗinki da goronsa.

Uwargida daga Garin Malam:
Alhaji, gaskiya ne, amma ka duba, kai ranar Salla kana gida da jikoki, makulli na hannun yaro.

Malamin makaranta, Sabon Gari:
Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta ce awa 40 a mako, da hutun awa 24 a jere kowane mako, abin da ya ƙaru a biya shi daban. Mafi ƙarancin albashi kuma ya koma jaka 42 (sefa dubu 42) a wata tun 2024. Sai dai wa ke da takarda a cikinku? Yawancin yaran shago ɗan wa ne, ko ɗan ƙanwa, ko yaron da aka kawo daga ƙauye aka damƙa amana, yana jiran ranar da za a sallame shi da jari. Wanda ke jiran sallama ba ya kai kawunsa ƙara. Shi ya sa ni na fi ganin laifinmu mu masu saye. Albashi na shiga, mu zauna sai daren Salla mu kwashi yara mu nufi Dole.

'Yar farmasi:
Mu namu da sauƙi ta fuska ɗaya: gadin dare bi da bi ake yi tsakanin farmasoshi, ka san makonka tun da wuri. Salla biyu ta faɗo a kaina. Na kai yara gidan Yaya a Mirya tun jajibiri, na bi su kwana uku bayan Salla, lallen ƙaramar har ya fara koɗewa. Ban ji daɗi ba, amma na shirya. Abin da ke ci wa mutum rai shi ne a ce masa "sai mun gani" har motoci su ƙare a tasha.

Wani a layin 'yan waya:
Mu biyu ne a shago. Muka samu maigida tun kafin azumi, muka ce ɗaya ya ɗauki ƙarama, ɗaya babba, badi a juya. Ya yarda, da sharaɗin mai tafiya ya dawo kwana na uku. Bara na kai ɗana kallon hawan ƙaho a ƙofar fada, na ɗora shi a wuya, karo na farko tun haihuwarsa.

Ɗan Magarya:
Na gode muku. Ni kaɗai ne a shagon, ba wanda zan yi karɓa-karɓa da shi. Jiya bayan la'asar na daure na yi wa Alhaji maganar, ya ɗan yi shiru yana ƙirga kwalaye, sannan ya ce Allah ya kai mu. Na dai ware wa Inna takalmi lamba 39, na naɗe a leda na tura ƙarƙashin kantar shago. In ta kama, direban garinmu ya kai mata.