Taƙaitawa: wace na'urar ƙara sauti za a haɗa wa waya?

'Yan'uwa na Garwa da Marwa, ga abin da na tattaro daga doguwar tattaunawarmu.

1. Kusan kowa ya yarda cewa sautin kewaye irin Dolby Atmos a cikin waya ake sarrafa shi. Na'urar DAC, wato mai juya sautin dijital na waya zuwa wanda abin kunne zai iya fitarwa, sautin hagu da dama kawai take karɓa ta miƙa wa kunne. Don haka kada mai shago ya ce maka tasa ce ke kawo kewayen. Wannan batu ne na fi so a riƙe, don nan ake asarar sefa.

2. Fara duba abin kunnenka. Mai om 32 (om shi ne ma'aunin yadda abin kunne ke turje wa lantarki) ƙaramar mahaɗar USB-C, wato ɗan wayar da ake jonawa a ramin caji, ta ishe shi. Mai om 250 yana son amfilifaya (na'urar ƙara sauti) mai ƙarfi, in ba haka ba sauti ya fito a shaƙe. Wasu sun ja hankali cewa mahaɗar Apple ta Turai ƙarfinta rabin ta Amurka ne, a tambaya kafin a biya.

3. Sautin da ke bin juyawar kai sai da abin kunne irin AirPods Pro na Apple.

4. An rabu kan batir. Masu fama da ɗaukewar wuta sun ce mahaɗa tana zuƙe cajin waya, gara na'ura mai batirinta. Wasu suka ce kayan caji biyu wahala ne, ga zafin Afrilu yana cin batir. Ni ina tare da na farko.

5. Bluetooth: iPhone ba ya ɗaukar LDAC (tsarin aika sauti mai inganci ta Bluetooth), wayoyin Android da yawa suna ɗauka.

6. Jabu ta cika kasuwa. Je da wayarka da abin kunnenka, ka jona, ka girgiza bakin mahaɗar ka ji ko sauti zai yanke.