Tallafin waje a yaƙi da kuturta: taimako ne ko sangarta gwamnati?

Alhaji Baban Abba: Salamu alaikum jama'ar zaure. Maganar da muka faro jiya a Ƙofar Soro ba ta ƙare ba. Ni dai ina nan kan bakana: kuɗin ƙungiyoyin waje ne suka kashe wa gwamnatocinmu zuciya a kan kuturta. Tun shekarun 1930 'yan mishan na ƙungiyar Sudan Interior Mission (SIM) suka fara aiki a asibitin kuturta na Babbar Ruga da ke kusa da Katsina, ga shi har yau maganin kyauta yake zuwa mana daga ƙetare. Kayan aro ba ya rufe katara. Su tattara su tafi, dole ta sa mu tashi.

Maman Ummi: Wa alaikumus salam. Alhaji, da girmanka, wannan "su tafi" ɗin ta yi mani nauyi. Na yi aikin jinya a sashen tarin fuka da kuturta har na yi ritaya. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magani uku, rifampicin da dapsone da clofazimine. Wata 6 ko wata 12, mutum ya warke. Daga 1995 ake raba shi kyauta a duniya, da farko da kuɗin gidauniyar Nippon ta Japan, daga 2000 kuma kamfanin Novartis ya ɗauka. In suka tafi yau, gobe wa zai saya?

Alhaji Baban Abba: Gwamnati mana, Hajiya. Aikinta ne.

Maman Ummi: To ai mun gani. A 2024 maganin ya yanke a Najeriya kusan shekara guda, bai iso ba sai watan Maris na 2025. Kuma ba masu bayarwa ne suka hana ba, ƙa'idojin gwaji na NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ne suka riƙe shi. A duk tsawon lokacin wace jiha ce ta ce bari in nemo wa mutanena?

Ɗan Rafindadi: Anti, wannan ai hujjar Alhaji kika ƙarfafa. Da da kuɗinmu muke saye, da wani ya ji zafi ya bi takardun da gudu. Abin da ba ka biya ba, ba ka tashi tsakar dare dominsa.

Malam na Daura: Ni tambayata daban ce. Me suke nema a wajenmu? Ba mu manta da gwajin maganin Pfizer a Kano a 1996 lokacin sanƙarau ba. Kuma kowa ya san 'yan mishan na da ba magani kaɗai suka kawo ba.

Maman Ummi: Malam, tsoronka yana da tushe, ba zan raina shi ba. Amma wannan ba maganin gwaji ba ne. Shi ake sha a Indiya da Barazil da Indonesiya, inda cutar ta fi yawa, kuma sama da mutum miliyan 16 sun sha shi. Masu miƙa shi a asibitocinmu kuwa 'ya'yanmu ne, ma'aikatan gwamnati. Sannan ku tuna Dakta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan. Aikin kuturta ya kawo shi Babbar Ruga a farkon shekarun 1980, ya tarar da mata masu yoyon fitsari, ya shiga yi masu aiki. Cibiyar da ake kai ɗiyanmu yau daga nan ta samo asali.

Malam na Daura: Wannan gaskiya ne, Allah ya saka mashi. Na karɓi wannan, amma ido dai ya zama a buɗe.

Ƙanin Zulai: Iyayena ku yi mani izini. Ni mai duba masu cutar ne a wata ƙaramar hukuma, kuma ina ganin duk kun tsaya kan ƙwaya, alhali ba nan gizo ke saƙa ba. Ƙwaya tana cikin kabad. Matsalar ita ce wa zai kai ta ga mai ciwon kafin jijiya ta mutu. Kuturta kan yi shekara 5 a jiki ba ta nuna ba, wani lokaci har 20. Farkonta ɗan tabo ne mai haske a baya ko a cinya, ba ƙaiƙayi, ba zafi. Sai ka zaunar da mutum, ka ce ya rufe ido, ka shafa mashi auduga a wurin, ka ce ya nuna inda ka taɓa. In ya kasa, ka gano ta. Wannan aikin babur yake so da mai da ma'aikacin da aka koya wa. An taɓa kawo mani wata yarinya da ba ta wuce aji huɗu na firamare ba, ƙaramin yatsanta da na kusa da shi sun riga sun lanƙwashe. Uwar ta ce ta ɗauko tukunya daga murhu, hannun ya sale, ba ta ko yi kuka ba. Shekara biyu suna shafa mata maganin makero. Ta sha magani ta warke, amma yatsun ba su miƙe ba. Wannan ba laifin Japan ba ne, ba na Holan ba ne.

Alhaji Baban Abba: Innalillahi. To ɗana, man babur ɗin wa ke ba ku?

Ƙanin Zulai: Gaskiya Baba, yawancin fitar da muke yi, in ka bi sawu, kuɗin masu tallafi ne. Kuma da yawa na tarin fuka ne, tunda shirin ƙasa ɗaya ne ya haɗa cututtukan biyu, kuturta sai dai ta raɓa. Horo ma haka, cibiyar Saye da ke Zariya ake tura mu.

Alhaji Baban Abba: Ka ji ko! Abin da nake faɗa ke nan.

Maman Ummi: A'a Alhaji, ba ɗaya ba ne. Kai ka ce su tafi, shi yana cewa namu su shigo. Ni a ganina abin da ya sa aka yi sanyi shi ne 1998, lokacin da Najeriya ta kai ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na shawo kan cutar, wato masu ita su zama ƙasa da mutum 1 cikin 10,000. Daga nan manya suka ɗauka an gama. Alhali har yanzu ana samun sababbin masu cutar kimanin 2,000 a shekara, waɗanda aka gano ke nan, ban da na ƙauyukan Batsari da Jibiya da rashin tsaro ya sa zuwa can ya yi wuya.

Ɗan Rafindadi: Kuma a Abuja aka sa hannu a 2001 cewa kashi 15 cikin 100 na kasafi zai tafi lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa ba. Ga Amurka ta datse tallafinta a 2025 ba tare da shawara da kowa ba. Ko ba mu kore su ba, Anti, wata rana za su tafi da kansu.

Maman Ummi: Shi ya sa nake cewa a karɓi ƙwayar, a gode. Amma man babur, da takalman masu mataccen tafin ƙafa, da wankin gyambo, da duba 'yan gidan mai cutar a ba su rifampicin sau ɗaya na rigakafi, waɗannan jiha ta sa su a kasafinta da sunansu.

Alhaji Baban Abba: Ban sauka gaba ɗaya ba, Hajiya. In ba a sa masu wa'adi ba, haka za mu yi ta zama. Amma na yarda a rubuta wa ɗan majalisarmu na jiha. Ɗana, kawo mana lissafin abin da fita ɗaya ke ci.

Ƙanin Zulai: To Baba, zan turo bayan la'asar in sha Allahu. A sa har da kuɗin motar marasa lafiya, don wata-wata suke zuwa karɓar magani, kuma rashin kuɗin motar ne ke sa wasu su yanke a tsakiya.